Baƙin Sama da Baƙin Tawada: Karatun Fim ɗin Arrival Daga Kan Hanyar Jega

Idan ɗan kasuwa ya ce "jaka biyar" a kasuwar Jega, naira dubu yake nufi. Jaka a lissafin Nijeriya naira ɗari biyu ce, tun canjin kuɗi na 1973 da fam ɗari ya koma haka. Amma idan mai maganar daga Dosso ko Gaya ya tsallako da kayansa, jikarsa guda sefa dubu ce, wato dala ɗari biyu, kowace dala sefa biyar. Su biyun Hausa suke yi, babu harafin da ya kuɓuce wa kunnen ɗayansu, sai dai kuɗin da ke kan wannan daban, na kan wancan daban. Shi ya sa dillalin da ya goge ba ya bari mai kaya ya ce "na sallama" sai ya tambaya: jakar ina, ta nan ko ta can?

Haka baƙon da ya koyi Hausa a littafi. Ya taya buhun albasa a Aliero, mai albasa ya dube shi ya ce "albarka". Sai ya fara laluben aljihu, a zatonsa an sa wa cinikin albarka, alhali tayinsa aka ƙi cikin ladabi.

Manyan masana ma ba su tsira ba. A ranar 23 ga Satumba, 1999, hukumar NASA ta Amurka ta rasa kumbonta mai suna Mars Climate Orbiter a daidai lokacin da ya isa duniyar Mars. Da aka bincika, sai aka gano rukunin injiniyoyi ɗaya yana aiko da lissafi a ma'aunin Ingilishi, ɗaya rukunin yana karanta alƙaluman a ma'aunin mita. Lamba ɗaya, mudu biyu. Kumbon ya sauko ƙasa fiye da kima, ya salwanta.

A kan wannan ramin da ke tsakanin abin da aka faɗa da abin da aka ji aka gina fim ɗin Arrival, wanda Denis Villeneuve ɗan ƙasar Kanada ya ba da umarni, ya fito a 2016. Eric Heisserer ne ya tsara shi daga wani labari da Ted Chiang ya wallafa a 1998 mai suna Story of Your Life. Fim ɗin ya shiga takarar kyautar Oscar a fannoni takwas, ya ci ɗaya a fannin gyaran sauti. Duk wanda ya kunna shi yana jiran harbe-harbe da rushewar benaye, kamar yadda aka saba a finafinan baƙin sama na Amurka, zai yi dogon jira. Jarumar fim ɗin malamar harshe ce, makaminta allo da alƙalami.

Baƙi, baƙi da baki

Wata safiya jirage goma sha biyu suka bayyana a wurare goma sha biyu na duniya, ciki har da Sin, Rasha, Pakistan, Sudan da Saliyo. Kowane jirgi baƙi ne wuluk, siffarsa kamar an tsaga dutsen niƙa an tsayar da shi a iska, ba ya taɓa ƙasa, ba ya hayaƙi, ba ya ƙara. Wanda ya sauka a Amurka ya tsaya a wani kwari a jihar Montana. Sojoji suka ɗauko Dakta Louise Banks, wadda Amy Adams ta fito a matsayinta, suka haɗa ta da wani masanin kimiyyar lissafi da fiziks, Ian Donnelly. Kanar Weber ya ba su aiki ɗaya: su tambayi baƙin me ya kawo su.

Duk bayan awa goma sha takwas ƙofar jirgin ke buɗewa. A ciki akwai wani shamaki kamar gilashi, bayansa hazo, cikin hazon wasu halittu biyu masu ƙafa bakwai. Sautin da suke fitarwa maƙogwaron ɗan Adam ba zai iya kwaikwayonsa ba. Louise ta gane da wuri cewa ta baki ba za ta yiwu ba, sai ta rubuta kalmar "mutum" a farin allo ta ɗaga. Ɗaya daga cikin baƙin ya miƙo ƙafa, ya feso wani abu kamar tawada, tawadar ta naɗe a iska ta zama da'ira mai ƙayoyi da rassa. Rubutunsu kenan.

A nan mai kallo Bahaushe yana da wata riba da Bature ba shi da ita. A rubutun boko, kalma ɗaya ce ke ɗauke da fim ɗin baki ɗaya: baƙi su ne waɗanda suka zo daga nesa, baƙi shi ne launin tawadarsu, baƙi kuma shi ne harafin da almajiri ke koyo a babbaƙu kafin ya kai farfaru. Jan wasali da karin sauti ne kawai ke raba na farkon da sauran biyun a kunne, a takarda kuwa sai dai mai karatu ya duba maƙwabtan kalmar. A cire lanƙwasar ƙ ɗin, sai ta zama baki, mafitar magana. Baƙi ne suka zo da baƙi, saboda baki ya gaza.

Masu kallo a wannan yanki ba baƙin labarin halittun sama ba ne. Waɗanda suka taso da finafinan Indiya sun san Jadoo na Koi... Mil Gaya, fim ɗin Rakesh Roshan na 2003, inda wani ɗan ƙaramin baƙo mai shan hasken rana ya buɗe ƙwaƙwalwar Rohit, saurayin da ake yi wa dariya. Amma a can, baƙon ne ya taɓa yaron, komai ya warware dare ɗaya. A Arrival babu wannan sauƙin. Louise sai da ta yi makonni tana harhaɗa kalmomi ɗaya bayan ɗaya, kamar mai tsintar gero a rairayi.

Tambayar da ba a yi mata gaggawa

Wurin da fim ɗin ya fi nuna ƙwarewa shi ne inda Kanar Weber ya ƙosa. Manyansa suna matsa masa, duniya ta rikice, ita kuwa malama tana koya wa baƙi kalmomin 'yan aji ɗaya: ci, tafiya, suna. Sai ta rubuta masa tambayar da yake so a yi, ta shiga fasa ta gunduwa-gunduwa. Da farko, shin baƙin sun san mece ce tambaya, wato magana mai neman amsa? Shin suna aikata abu da niyya, har kalmar "dalili" ta yi ma'ana a wurinsu? Kuma idan aka ce "ku", za su gane ana nufin jinsinsu duka ne, ko wannan da ke tsaye a gaban gilashi?

Wannan ta ƙarshen ciwon Ingilishi ne, wanda kalma ɗaya yake da ita ga kai, ke da ku. Hausa ta raba su tun fil'azal. Sai dai ita ma tana da nata tarkon, domin yaro mai tarbiyya "ku" yake ce wa dattijo guda ɗaya. Kowane harshe da inda yake yoyo. Ko tsakanin Hausa da Hausa, ɗalibin da ya zo Aliero daga Kano yakan yi kwanaki kafin kunnensa ya saba da "mi kac ce?" da "shina nan tahe".

Da Weber ya ƙi gamsuwa, Louise ta ba shi labarin Kyaftin Cook, wai da ya isa Ostareliya a 1770 mutanensa sun nuna wata dabba suka tambayi sunanta, aka ce musu "kangaru", wai ma'anarta "ban gane ba". Bayan Kanar ya fita, ta gaya wa Ian labarin ba gaskiya ba ne. Kuma hakan ne: kalmar tana nan a harshen mutanen Guugu Yimithirr, sunan wani nau'in dabbar ce. Mai neman gaskiyar magana ta sayi lokaci da ƙagaggen labari. Fim ɗin bai wanke ta ba, kuma bai kamata mai kallo ya wanke ta ba, domin wannan halin na zaɓar abin da za ta faɗa da abin da za ta riƙe shi ne zai dawo ya ci gidanta.

Abin da ya buɗe ƙofar fahimta kuwa ba kalma ba ce. Louise ta tuɓe rigar kariyar da sojoji suka naɗe ta da ita, ta matsa, ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin. Baƙon ya ɗora nasa. Mutanen Aliero sun san wannan yaren. Garin ya yi suna da masu ɗori, kuma masu karaya suna zuwa daga sassan Nijeriya da maƙwabta, wasunsu ko "sannu" ba su iya ba. Mai ɗori yana bin ƙashi da yatsunsa yana kallon fuskar majinyaci, inda fuska ta yamutse nan ciwon yake. Kafin a samo tafinta, hannu ya riga ya yi rabin tambayar.

A farkon haɗuwarsu cikin jirgi mai saukar ungulu, Ian ya karanta abin da Louise ta rubuta cewa harshe ne tushen wayewa, ya ce a'a, kimiyya ce. Gardamar tana da gida a Aliero. Jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a garin a 2006, zamanin Gwamna Adamu Aliero, yanzu tana ɗauke da sunan Abdullahi ɗan Fodiyo, malamin da ya bar wa duniya littattafan nahawu da sarfu irin su Al-Bahrul Muhit da Al-Hisnur Rasin, ban da tafsirinsa Liya'ut Ta'awil. Ɗaliban injiniya suna shiga ta ƙofar da aka rubuta sunan masanin harshe.

Makami ko makama

Ranar da aka yi tambayar, amsar ta zo da kalma biyu: bayar da makami. A Sin kuwa, inda masana suka koya wa baƙin magana ta hanyar wasan mahjong, abin da suka karanto shi ne amfani da makami. Louise ta riga ta yi gargaɗi a kan wannan: wanda aka koya wa magana da wasan ci da faɗuwa, duk zancensa zai fito da kamannin nasara da kaye. Ta roƙi sojoji su dakata, domin ba ta da tabbacin baƙin sun raba makami da kayan aiki.

Hausa tana goyon bayanta. Makami daga "kama" ya fito, abin da hannu ke kamawa, ɗan uwan makama ne, inda ake riƙe abu. Kuma duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Jega ta nufi Maiyama, Koko da Yawuri a lokacin kaka ya ga wannan tambayar tana tafiya da ƙafa. Sandar da ke kafaɗar makiyayi kayan kiwo ce, da ita yake juya garke. Addar da ke hannun manomi kayan gona ce. Idan shanu suka ratse daga burtali suka faɗa gonar da ba a kwashe ba, manomi sanda yake gani, makiyayi adda yake gani, kowannensu kuma ya rantse shi kayan aikinsa ya riƙo. A 'yan daƙiƙun nan ne ake buƙatar mai jin Hausa da Fulatanci duka biyu, wanda zai kai maganar gaban ardo da uban ƙasa a kimanta ɓarna a biya.

Akwai wani ɗan wuri a farkon fim ɗin da makiyayi zai fi farfesa saurin ganewa. Louise ta ce wa Weber, kafin ya ɗauki wani masanin a madadinta, ya tambaye shi kalmar yaƙi a harshen Sanskrit da ma'anarta. Wancan ya ce gardama. Ita ta ce asalin ma'anar kalmar son ƙarin shanu ne. Tun dubban shekaru, a wata nahiya daban, mutane sun sa wa yaƙi sunan saniya.

Dole a faɗi iyakar wannan kwatanci. Bindigar ɗan ta'addan da ke tare hanya ko ya kwashe 'yan makaranta ba kuskuren fassara ba ce, kuma babu tafintan da zai mai da ita kayan aiki. Abin da fim ɗin ke magana a kai shi ne ɗimbin rigingimun da ke farawa tun babu mugu a cikinsu.

Ranar da aka kashe waya

Da kalmar makami ta fito, Sin ta katse layin da ya haɗa ta da sauran ƙasashe, Rasha ta bi, sauran ma kowa ya rufe nasa. Allunan da ke nuna fuskokin masana goma sha biyu suka mutu ɗaya bayan ɗaya. A sansanin Montana, wasu sojoji da suka cika kunnensu da zugar wani mai sharhi, ga kuma kukan iyalansu a waya, suka dasa bam a cikin jirgin. Ɗaya daga cikin baƙin ya ture Louise da Ian waje kafin ya tashi, shi kuwa raunin ya zama ajalinsa. Daga baya Ian ya gano saƙon da aka ba su kashi ɗaya ne cikin goma sha biyu. Sauran suna hannun waɗanda aka daina yi wa magana.

Manomin albasa a Aliero ya taɓa ganin irin wannan a aljihunsa. A watan Fabrairu na 2021, cacar baki kan tumatir da ya zube a gaban wani shago a kasuwar Shasha da ke Ibadan ta rikiɗe ta zama rikici tsakanin Hausawa da Yarabawa. An rasa rayuka, an ƙone shaguna da gidaje. Tumatir bai isa ya yi wannan shi kaɗai ba, akwai tsohuwar jiƙaƙƙiya kan shugabancin kasuwa da matsin rayuwa. Amma abin da ya hura wutar shi ne labarin da ke isa waya kafin gaskiya ta ɗaura takalmi, kowane ɓangare yana jin nasa kason kawai. Gwamnan Kebbi na lokacin, Abubakar Atiku Bagudu, yana cikin gwamnonin Arewa huɗu da suka je Ibadan suka zagaya kasuwar tare da Gwamna Seyi Makinde.

Kafin watan ya ƙare, ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu. An tsayar da manyan motoci a hanya. A Legas farashin tumatir da albasa ya yi sama, a Arewa ya faɗi warwas, kuma albasa ba hatsi ba ce da za a zuba a rumbu a manta, ko a rudu aka jera ta tana da ranar da za ta fara ruɓa. Bayan kamar mako guda aka janye. Masu kaya suna da hujjar fushinsu, an kashe musu mutane, an ƙone musu dukiya. Duk da haka, a wannan makon mai noma a fadama da mai miya a Mushin ta Legas sun gane kowannensu kashi ɗaya yake riƙe da shi.

Tarihin ƙasar nan ma yana da wasiƙar da ta yi aikin kalmar makami. A 1902 Lugga, Baturen mulkin mallaka, ya ce ya sami takarda daga Sarkin Musulmi Abdurrahman mai nuna babu abin da ke tsakaninsu sai yaƙi, ya riƙe ta hujja, Sakkwato ta faɗi a watan Maris na 1903. D. J. M. Muffett, a littafinsa na 1964, ya yi shakkar wasiƙar da fassararta, masana kuma sun daɗe suna muhawara a kai. Turawa dai da niyyar ci suka zo, ko da wasiƙa ko babu. Amma abin lura ne cewa mai shirin yaƙi ma sai da ya nemi jimlar da zai rataya shi a kanta.

Akwai kuma labarin da ya fi kusa da gida. Bayan rasuwar Shehu Usmanu a 1817, Malam Abdullahi ya nufi Sakkwato ya tarar an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a, an kuma rufe ƙofar gari. Ya juya, zumunci ya yi sanyi. Shi kuma Malam Abdussalami na Gimbana, wanda harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa yana cikin abin da ya kunna jihadi, ya saɓa da Bello, suka yi ta musayar wasiƙu da Bello ya tattara a Sardul Kalam, wasiƙun ba su hana yaƙi ba, Abdussalami ya rasu a 1818. Mabiyansa suka taru a Kalambaina suka gagari Gwandu ta Malam Abdullahi, sai Bello ya kawo wa baffansa ɗauki. Marubuta tarihi sun kawo cewa da suka haɗu, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, Abdullahi ya yi masa nuni ya zauna, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Abin da shekaru suka kasa warwarewa, yunƙurin sauka daga sirdi ya warware. Bayan wannan ne Buhari ɗan Abdussalami ya yi sulhu ya kafa Jega. Garin da kansa ɗan sasantawa ne.

Abin da harshen ya yi wa mai koyonsa

Tun farkon fim ana nuna Louise da ɗiyarta Hannah: haihuwarta, wasanta a bakin ruwa, fushin ƙuruciyarta, sannan gadon asibiti da rasuwarta tana budurwa, sakamakon wata cuta da ba ta da magani. Mai kallo yana ɗauka tuna baya take yi. Sai can kusa da ƙarshe Louise ta tambayi baƙon da ya rage wace ce yarinyar nan da take gani. Ba a haife ta ba tukuna. Rubutun baƙin da'ira ne, ba shi da farko ba shi da ƙarshe, kuma wanda ya iya shi sosai yakan fara ganin rayuwarsa haka. Makamin da suka kawo harshensu ne. Sun ba da shi ne don bayan shekara dubu uku za su buƙaci taimakon ɗan Adam.

Tunanin ya samo asali daga Edward Sapir da ɗalibinsa Benjamin Lee Whorf, waɗanda suka ce harshen mutum yana da hannu a yadda yake ganin duniya. Yawancin masana harshe na yau sun yarda da ɗan tasiri, sun ƙi yarda cewa harshe kurkuku ne. Bahaushe yana da suna ga kwana huɗu masu zuwa, gobe, jibi, gata da citta, inda Bature sai ya yi dogon zagaye, amma wannan bai sa ya san abin da citta za ta haifar ba. Gaibu na Allah ne shi kaɗai, fim kuwa ƙage ne. Sai dai ƙagen ya ɗora yatsa a kan wani abu na gaske: Louise ɗin da ta shiga jirgin hannunta na rawa, mai zaman kaɗaici a gida, ba ita ce ta fito ba. Ta koyi sauraro har ya canza ta. Da hangen gaba da harshen ya ba ta ne ta kira Janar Shang na Sin a waya ana dab da buɗe wuta, ta faɗa masa kalaman ƙarshe da matarsa ta yi masa kafin ta rasu, cikin harshensa. Villeneuve bai sa fassarar kalaman a ƙasan allo ba. Janar ya ji, ya janye sojojinsa, mai kallo kuwa an bar shi a waje, inda baƙo ke tsayawa.

Sannan ta zaɓi ta haifi Hannah, tana sane da ranar da za ta rufe mata ido.

A Amurka an yi ta muhawara ko wannan son kai ne. A Kebbi tambayar tana da wani nauyi daban. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna a jihar nan yara 252 cikin kowane dubu ba sa kai shekara biyar, adadi mafi yawa a Nijeriya, yayin da a Ogun 30 ne. Kusan ɗaya cikin huɗu kenan. Uwar da ke goyon ciki a ƙauyen Maiyama ba ta buƙatar baƙin sama su nuna mata abin da ka iya faruwa, ta gani a ɗakin kishiyarta ko a nata. Kuma takan yi wankan jego, a yanka rago ranar suna, ta so yaron da dukan zuciyarta. Ta wannan fuskar ta riga Louise sanin darasin. Inda suka rabu shi ne cutar Hannah ba ta da magani, amma zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ƙyanda da tamowa suna da shi. Duk wanda ya kalli fim ɗin ya fito da "haƙuri" kaɗai a bakinsa, ya yi wa waɗannan uwaye mummunar fassara. Da yawa daga cikin yaran nan ana rasa su ne a tazarar da ke tsakanin abin da ma'aikaciyar asibiti ta faɗa da abin da uwa ta ji, ko abin da uwa ta gani da ranar da maigida ya yarda a nemi mota. Ɗaliban kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega, waɗanda ke karatu da Ingilishi su yi aiki da Hausa, tafintoci ne ko sun sani ko ba su sani ba.

Fim ɗin kuma bai bar jarumarsa ta tafi da farin tufafi ba. Mahaifin Hannah shi ne Ian. A ƙarshe an nuna shi yana tambayarta ko su haihu, ta amsa da e, ba ta gaya masa abin da ta gani ba. Matar da ta fassara harshen wata duniya, ta hana manyan ƙasashe yaƙi da kiran waya guda, ta kasa samun lokacin da ya dace da kalmar da ta dace ga mutumin da ke kwana ɗaki ɗaya da ita. Wataƙila tausayi ne, irin wanda ke sa a ɓoye wa majinyaci sunan cutarsa, ko a ce wa matafiyi "jiki ya yi tsanani" alhali an riga an yi jana'iza. Al'adar Hausa ta san wannan shirun, tana kuma girmama shi. Amma Ian ba majinyaci ba ne, abokin shawara ne, kuma ɗiyar tasa ce.

Sai bayan shekaru ta faɗa masa. Akwai wurin da Hannah, tana ƙarama, ta ce wa uwarta babanta ya daina kallonta kamar da. Louise ta durƙusa ta ce laifinta ne, ta gaya masa abin da bai shirya ji ba, shi kuma ya ce ta yi zaɓin da ba daidai ba. A asibiti, ranar da aka ja wa yarinyar mayafi, Louise kaɗai aka nuna a bakin gadon, sannan ita kaɗai a dogon barandar.